Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Za Mu Gane Nauyin Da Ya Dace Da Jikinmu



Duk ranar zama, kafin a rufe akwati, me muke yi? Masu ƙirga kuɗi sukan zazzage su a kan tabarma, su ƙirga a gaban kowa, sakatariya ta rubuta a littafi. Ba mu taɓa ɗaga akwati mu ce, "Ai ya yi nauyi, lallai akwai kuɗi," mu tashi ba. Mun san akwati yana iya cika fam da 'yan hamsin-hamsin, alhali abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

To amma da an zo maganar jikinmu, da ido muke awo. Mace ta yi ƙiba, sai a ce, "Hutu ya karɓe ta, maigida yana ƙoƙari." Mace ta rame, sai a ce, "Ƙirar gidansu ce," ko a fara raɗe-raɗin ko kishiya ce ta hana ta sakat.

A shekarata ta biyu da fara wannan aiki, wata ƙungiya da nake zagayawa ta shiga matsala. Mambobi biyu sun kasa biyan bashi, kuma duk cikinsu ba mai wasa da amana. Ta farko mai suyar awara ce, jiki ya cika, kowa yana yaba ta. Ta daɗe tana fama da ciwon kai da jiri, tana sayen ƙwaya a kemis tana haɗiya, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ya jima a jikinta. Ta biyu siririya ce tun asali, shi ya sa ba wanda ya lura tana ƙara zubewa, sai da zani ya daina zama a ƙugunta. Ashe tarin fuka ne. Dukansu sun rayu, alhamdu lillahi, amma jarinsu ya tafi a kuɗin mota da jinya, kuma rabon ƙarshen shekara ya zo kowa tana jin jiki.

Kowane mako muna zama da matan nan a tabarma ɗaya, amma ba mu gani ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne ya san kima, sai dai mai sayar da hatsi ba ta auna wa mai saye da ido. Wannan darasi a kan mudun awon jiki yake.

Mene ne lambar jiki?

Kilo kaɗai ba ya faɗin komai. Mace mai kilo 65, in doguwa ce daidai take, in gajera ce nauyi ya yi mata yawa. Saboda haka dole a haɗa nauyi da tsawo a fitar da lamba ɗaya. Ma'aikatan asibiti suna rubuta ta a kati da haruffa uku, BMI. Mu a nan za mu riƙa ce mata lambar jiki.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da wannan lissafi a wajajen 1832. Ba likita ba ne, kuma Turawa ya auna. A 1972 wani masanin abinci da lafiya ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yanzu. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke ta, ta tsara matakan da asibitocinmu suke aiki da su. Na kawo tarihin ne don ku san lambar nan mutane suka ƙirƙiro ta, tana da amfani kuma tana da iyaka.

Yadda ake awo

Kayan aiki: sikeli na hawa, tef ɗin tela, littafi mai ƙarfin bango, gawayi, da waya mai kalkuleta.

Awon nauyi:

1. A ajiye sikeli a daɓe mai tauri wanda yake a miƙe. Kada a sa shi a kan yashi ko tabarma, zai yi ƙarya.
2. A duba allurar tana kan sifili kafin a hau.
3. A cire takalmi, a sauke goyo, a ajiye jaka da mayafi mai nauyi.
4. A tsaya cak a tsakiya, ba jingina, wata ta karanta.

Awon tsawo:

1. A cire takalmi, a kwance ɗaurin ɗankwali mai tudu.
2. A jingina da bango miƙaƙƙe, duga-dugai a haɗe, ido yana kallon gaba.
3. A ɗora littafi a kwance bisa kai ya taɓa bango, a yi alama da gawayi a ƙarƙashinsa.
4. A auna daga ƙasa zuwa alamar. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci da santimita. Ɓangaren santimita za a duba. Kuma yawancinsa a 150 yake ƙarewa, don haka a fara yin alama a kan 100, sannan a auna sauran a haɗa.

Santimita 160 ita ce mita 1.60. Santimita 155 ita ce mita 1.55. Ɗigo kawai ake sawa bayan lambar farko.

Lissafin ba wuya: a raba nauyi da tsawo, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Misali, mace mai kilo 60 da tsawon mita 1.60. A danna 60 a raba da 1.6, za a ga 37.5. A sake rabawa da 1.6, za a ga 23.4. Lambar jikinta kenan.

Me lambar take nufi?

- Ƙasa da 18.5: rama, nauyi bai kai ba.
- Daga 18.5 zuwa 24.9: daidai.
- Daga 25 zuwa 29.9: nauyi ya fara yawa.
- Daga 30 zuwa sama: ƙiba mai haɗari ga lafiya.

Mu ɗauki mata uku masu tsawo ɗaya, mita 1.60. Mai kilo 45 lambarta 17.6, tana cikin rama. Mai kilo 60 tana daidai. Mai kilo 80 lambarta ta ɗan haura 31, ta shiga mataki na ƙarshe.

In babu waya a kusa, sakatariya ta duba wannan jeri:

- Tsawon 1.50: daidai shi ne kilo 42 zuwa 56, haɗari daga kilo 68.
- Tsawon 1.55: daidai shi ne kilo 45 zuwa 60, haɗari daga kilo 72.
- Tsawon 1.60: daidai shi ne kilo 48 zuwa 63, haɗari daga kilo 77.
- Tsawon 1.65: daidai shi ne kilo 51 zuwa 68, haɗari daga kilo 82.
- Tsawon 1.70: daidai shi ne kilo 54 zuwa 72, haɗari daga kilo 87.

Ku lura da faɗin filin "daidai" ɗin nan. Tsakanin 48 da 63 akwai kilo 15 cur. Wato ba siffa ɗaya ake nema kowa ta zama ba. Siririya tana iya zama daidai, mai ɗan jiki ma tana iya zama daidai.

Idan lambar ta yi ƙasa

A ƙauyukanmu wannan ce matsalar da aka fi rainawa. Mace ta tashi tun asuba, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta je gona, ga shayarwa. Da tuwo ya nuna ta zuba wa maigida, ta zuba wa yara, ta zuba wa baƙo, ita kuma ta kankare ƙanzo. Daga shigowar damina zuwa kafin sabon gero ya nuna, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa, jikin uwa ne yake biyan bashin gidan.

Mace mai rama tana saurin gajiya, cuta tana saurin kama ta, kuma sau da yawa ramar tana tafiya tare da ƙarancin jini. Idan ta ɗauki ciki a haka, an fi jin tsoron ta haifi jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, irin wanda rainonsa yake da wuya.

Maganin ba sai da naman kasuwa kullum ba. A duba abin da ke gida:

- Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, waken suya da awara.
- Ƙwai. In kina kiwon kaji ko zabbi, kada duka su tafi kasuwa, ki bar wa bakinki.
- Nono, kindirmo, da busasshen kifi ko ɗan kaɗan ne a miya.
- Zogale, rama, alayyahu, kuka, kabewa, gwanda da mangwaro a lokacinsu.
- Garin kunu na gero da aka haɗa da soyayyen waken suya da gyaɗa, a sha tsakanin abinci da abinci.

Kuma ki zuba naki a kwanonki tun lokacin rabo. Wannan ba son kai ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma akwai ramar da ba ta yunwa ba ce. Idan kina ci kuma kina zubewa, ko kina tarin da ya kai mako biyu, ko gumin dare, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, ko yawan ƙishirwa da yawan fitsari, to asibiti za a nufa, ba wurin mai dakan magani ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware domin shi, kuma ana warkewa in an sha shi har ƙarshe.

Idan lambar ta yi sama

Da can ana cewa ƙiba ciwon 'yan birni ne. Yanzu abin ya iso mu. Inji ya karɓi daka da niƙa, babur ya karɓi tafiyar kasuwa, lemon kwalba da taliyar leda sun shigo kowane shago. Mai sana'ar suya tana zaune wuri ɗaya tun safe, tana ɗanɗana wannan tana ɗanɗana wancan. Ba laifi ba ne samun sauƙi, amma jiki yana ajiye duk abin da bai ƙone ba.

Yawan kitse yana ƙara haɗarin hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Yana cin gwiwa da ƙugu. Ga mai ciki kuma, yana ƙara yiwuwar hawan jinin ciki da wahalar haihuwa. Abin tsoron shi ne hawan jini yakan daɗe bai nuna wata alama ba. Don haka duk wadda lambarta ta kai 25, ta je a gwada jininta. Wadda ta kai 30, ta roƙi a gwada mata har da suga.

Ba a ce ki zauna da yunwa ba. Ga abin da ke aiki:

- Rage malmalar tuwo, ƙara miyar ganye da wake.
- Rage sukari a shayi, koko da fura. Lemon kwalba ya zama na ranar biki.
- Rage soye-soye da man da ake kwarara wa abinci.
- Rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini, har da wanda ke cikin dunƙule, kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna ɗaga miya.
- Motsa jiki kamar na rabin awa, kwana biyar a mako. Wadda ba ta fita, shara da sauri, daka da zagaya tsakar gida duk suna cikin lissafi.

Mace mai kilo 80 in ta sauke kilo 4 zuwa 8 a hankali cikin watanni, jininta da sugarta sukan nuna sauƙi ko da lambar ba ta dawo daidai ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar ƙwayoyin sa ƙiba

Dole in taɓo wannan, don a gidanmu ma ya faru. Ana saura wata biyu bikin ƙanwata, wata gwaggonmu ta kawo ƙwayoyi a ƙullin leda, ta ce, "Ke 'yar nan, haka za a kai ta gidan miji kamar sillen kara? Ai sai a ce ba ma ba ta abinci." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, mu fara auna ta." Lambarta ta fito 20. Lafiyarta ƙalau.

Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, don wasu cututtuka daban. Suna buɗe ciki, suna tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura ta yi zagaye, sai a ce an yi kyau. A ciki kuwa suna iya tayar da hawan jini da suga, su raunana ƙashi, su rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Kumburi daban, lafiya daban. Wadda ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ta je asibiti da ledar ƙwayar a hannu, a nuna mata yadda za ta janye a hankali. Haka kuma a yi hattara da shayin rage tumbi da ake tallatawa, yawanci gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne yake fita ba kitse ba.

Inda lambar ba ta aiki

Wata dattijuwa ta taɓa tambayata a wurin zama, "Malama, sikelin nan ya san bambancin tsoka da kitse?" Na ce, "Inna, bai sani ba." Ta ce, "To ashe shi ma sai an taya shi." Gaskiyarta. Kada a yi amfani da wannan lissafi ga:

- Mai ciki da mai jego. Nauyin mai ciki dole ya ƙaru, kuma a wurin awon ciki ake bibiyarsa. Mai ciki ba ta rage abinci don tsoron ƙiba ko tsoron ɗa ya yi girma.
- Yara da 'yan matan da ba su kai shekara 18 ba, ko da an yi musu aure, domin jikinsu bai gama girma ba. Nasu awon daban ne. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, damtsensa ake aunawa da tef mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, shi ma a kai shi a duba. Kore lafiya.
- Mai kumburin ƙafa ko ciki. Ruwa ne sikeli yake aunawa, kuma kumburin kansa dalilin zuwa asibiti ne.
- Tsohuwar da bayanta ya ranƙwafa, don ba za a sami tsawonta na gaskiya ba.

Sannan lambar ba ta faɗin inda kitsen ya taru. Kitsen tumbi ya fi na ƙugu da cinya haɗari. Ga dabarar da ba ta buƙatar sikeli ko karatu: a yanko igiya daidai tsawonki, daga tsakar kai zuwa ƙasa. A ninka ta biyu. A zagaya ta a cikinki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya, ba tare da kin shanye ciki ba. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In ya ƙi haɗuwa, tumbi ya wuce rabin tsawonki, sai a kula ko da lambar jiki ta nuna daidai. Masu tef kuma, awon cikin mace in ya wuce santimita 80 a fara lura, in ya wuce 88 haɗarin ya ƙaru sosai.

Kuma kada siririya ta ce ta tsira. Ita ma tana iya samun hawan jini ko suga. Lambar jiki kamar kukan kare ne da dare: ba shi ne ɓarawon ba, amma in kin ji, ki tashi ki haska.

Kuskuren da na yi

Ranar da na fara kai sikeli wata ƙungiya, na ajiye shi a tsakiyar fili, kowa ta hau ina faɗin lambarta da ƙarfi kamar ana ƙirga zubi. Da wata baiwar Allah ta hau, sai wata ta yi wasa ta ce, "A taimaki sikeli!" Aka kwashe da dariya, har da ita. Mako uku ba ta zo zama ba, sai dai ta aiko 'yarta da kuɗin zubi. Sai da na bi ta gida na ba ta haƙuri. Ta ce, "Malama, kuɗina na kowa ne ya gani, amma jikina nawa ne."

Tun daga ranar na canza. Kuɗin akwati ana ƙirga su a fili, awon jiki kuwa a ɗaki ake yi, daga mai awo sai wadda ake aunawa. Ba dole, ba tsokana, ba kai labari gida-gida.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

1. A tattauna ko za a sayi sikeli da tef daga kuɗin tara ko wani ɗan karo-karo. In ba hali, a roƙi ma'aikaciyar lafiya ta asibitin da ke kusa ta riƙa zuwa da nata.
2. A zaɓi mace ɗaya mai riƙe sirri ta koyi awon.
3. A auna sau huɗu a shekara: kaka, hunturu, bazara da tsakiyar damina. A rubuta wa kowa a 'yar takardarta, ta riƙe abinta. Tsawo sau ɗaya ya isa, nauyi ne ake maimaitawa.
4. A fi kula da canji. Wadda ta zubar da kilo 3 ko 4 cikin wata uku ba da niyya ba, a raka ta asibiti ko da lambarta tana cikin daidai.
5. A duba dokar asusun taimakon juna. Shin za a iya ba mamba kuɗin mota ta je gwaji tun tana kan ƙafarta, ko sai ta kwanta? Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha.
6. Ranar rabo, kowa ta tuna da damina. A ware wani abu a sayi wake, gyaɗa ko waken suya tun suna da sauƙi a kaka, a shanya zogale da kuka a inuwa a adana.

Tambayoyin tattaunawa a zama na gaba

- A garinmu, me ake cewa game da mace mai jiki, me ake cewa game da siririya? Wa wannan magana take cutarwa?
- A gidajenmu, wa yake ci a ƙarshe? Ta yaya za mu jawo maza da surukai cikin wannan magana ba tare da rigima ba?
- A wane wata ne abinci ya fi ƙaranci, kuma me za mu tanada tun yanzu?

Mai suyar awarar nan da na ba ku labari, yau ita ce mai awo a ƙungiyarsu. Tana shan maganinta kullum, ta rage gishiri, ta biya bashinta tas. Ita ce take ce wa sababbin mambobi, "Jarin farko ba shi ne na cikin akwati ba, shi ne wanda ya tako da ƙafarsa ya zo zama."

A zama mai zuwa, kowa ta taho da igiyarta. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a cikin neman da muke yi.